Haƙƙin Talaka a Koyarwar Cocin Katolika: Daga Rum zuwa Yola

A ƙarshen watan Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka shiga Mubi. Kafin nan Madagali da Michika sun riga sun faɗa hannunsu. Jama'a suka kwararo kudu, wasu a bayan manyan motoci, wasu a ƙafa ta cikin daji da duwatsu, wasu ma sai da suka ratsa ta Kamaru sannan suka iso Yola. Mai dangi a gari ya sauka gidan dangi. Wanda ba shi da kowa ya nemi inda aka bar ƙofa a buɗe, kuma ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare ita ce harabar babban cocin Katolika na St. Theresa. Bishop Stephen Dami Mamza, wanda shi ma ɗan yankin Michika ne, ya ce a shigo. Dubban mutane suka shigo, Kirista da Musulmi, aka shimfiɗa tabarmi duk inda ƙafa za ta iya miƙewa, aka ɗora manyan tukwane.

Da sojoji suka ƙwato garuruwan, mafi yawa suka koma gida. Sai dai akwai iyalan da ƙauyukansu ke bakin dajin Sambisa, waɗanda komawa a wurinsu kai wuya ga wuƙa ne. Suka zauna a harabar cocin shekara da shekaru. A watan Afrilun 2021, da tallafin wata ƙungiyar Katolika ta Jamus mai suna Missio, aka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin Ƙaramar Hukumar Girei. An gina musu makaranta, an gina coci, an kuma gina masallaci saboda Musulmin da ke cikinsu.

Masallacin nan ya jawo ce-ce-ku-ce. Akwai Kiristocin da suka ce ina dalili, bayan coci-cocin da aka ƙone, a ɗauki kuɗin baiko a gina wa wasu wurin salla? Bishop ɗin bai janye ba. Mutum na iya cewa ai halin kirkin mutum ɗaya ne, kuma da gaskiyarsa. Amma a bayan wannan hali akwai wata koyarwa rubutacciya da aka yi sama da shekara 130 ana tara ta, wasiƙa bayan wasiƙa, wadda ake kira koyarwar cocin Katolika kan zamantakewa. Abin da ya sa na ga ta cancanci a zauna a duba ta shi ne, ba a kan sadaka ta tsaya ba. Sadaka kowa ya yarda da ita, har azzalumi. Ita cewa ta yi abin da ake bai wa mayunwaci nasa ne tun asali, kuma wajibi ne a tambayi abin da ya sa shi yunwa. A wannan gaɓa ta biyu ne ake samun matsala da masu iko.

Gurasar da ke rumbu

Tushen maganar ya girmi Fafaromomin zamani nesa ba kusa ba. A babi na 25 na Linjilar Matta, an kwatanta ranar hisabi da ranar da za a tambayi mutum ko ya ciyar da mai yunwa, ya shayar da mai ƙishi, ya sauki baƙo, ya suturta marar tufa, ya gaida marar lafiya da ɗan kurkuku, kuma Yesu Almasihu ya ɗauki abin da aka yi wa waɗannan a matsayin shi aka yi wa. Malaman coci na farko sun ɗauki wannan da zafi. A ƙarni na 4, lokacin wata yunwa da ta afka wa Kaisariya, garin da yanzu ake kira Kayseri a Turkiyya, wani malamin coci mai suna Basil ya hau mumbari ya faɗa wa masu ɓoye hatsi cewa gurasar da ta yi musu yawa ta mayunwaci ce, rigar da ke ninke a akwatinsu kuma ta mai yawo tsirara ce. Bai tsaya a wa'azi ba. Ya buɗe wurin dafa abinci, daga baya ya gina wata unguwa guda a bayan gari mai asibiti da masaukin baƙi da wurin jinyar kutare.

A ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya kai maganar inda har yau take sa wasu gyara zama. Ya ce Allah ya halicci arzikin ƙasa ne domin dukan mutane. Mallakar dukiya halal ce, tana ma da amfani, domin mutum ya fi kula da abin da yake nasa. Amma idan mutum ya kai ga halaka, babu wata mafita, ya ɗauki abin da zai ceci ransa daga dukiyar wani, wannan ba sata ba ce. Babban taron bishop-bishop na Vatikan na biyu ya sake nanata haka a 1965. Mai karatu Musulmi zai tuna ruwayar da ake kawowa cewa Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa, zai kuma tuna cewa zakka haƙƙi ce ba alfarma ba. Bambancin shi ne, cocin bai yanke nisabi ba, bai ce kaza cikin ɗari ba. Ya bar wa zuciyar mai dukiya ta auna abin da ya yi mata yawa, zuciya kuwa mun san halinta wajen awo.

Kada a ɗauka wannan tsohuwar magana ce da ta kwanta a littafi. A watan Mayun 2019 kamfanin lantarki ya yanke wutar wani babban gini a birnin Rum, inda mutane kusan 450, da yara a cikinsu, suka mamaye suna zaune ba bisa ƙa'ida ba. Bashin wuta ya kai kimanin Yuro 300,000. Aka yi kwanaki babu haske, babu firji. Sai Kadinal Konrad Krajewski, wanda a lokacin shi ne mai raba sadakar Fafaroma, ya je da dare, ya sauka cikin ramin da na'urar take, ya cire hatimin kamfani, ya maido da wuta, ya kuma ce shi ya yi, a neme shi. Ministan cikin gidan Italiya na lokacin, Matteo Salvini, ya mayar da martani cewa to sai Kadinal ya biya bashin. Ni dai ban ce kowa ya hau falwaya ya maida wutarsa ba. Amma a daren nan an ga hukuncin Aquinas a aikace, da mutum mai jar hular Kadinal a cikin rami.

Sisi a awa ɗaya

Koyarwar a tsarinta na zamani ta fara ne da batun albashi. A 1889 'yan dako na tashar jiragen ruwan Landan suka shiga yajin aiki, abin da suke nema kuwa sisi ne a awa ɗaya. Wanda ya shiga tsakani har aka sasanta shi ne Kadinal Henry Manning, tsoho ɗan shekara 81. Turai ta lokacin cike take da masana'antu masu haɗiye mutane: aiki daga asuba zuwa dare, yara ƙanana a ramukan haƙar kwal, iyali guda a ɗaki ɗaya. Ma'aikata suna ta barin coci suna bin 'yan gurguzu, saboda a ganinsu limamai na tare da masu kuɗi. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba.

Ranar 15 ga Mayun 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙarsa mai suna Rerum Novarum. Ya ƙi ra'ayin gurguzu na ƙwace dukiyar mutane, ya kare haƙƙin mallaka. Sannan ya juya kan masu masana'antu. A wancan zamani hujjarsu ita ce, ai ma'aikaci da bakinsa ya amince da abin da ake biyansa, ba wanda ya tilasta shi. Leo ya ce wannan amincewa ba ta wanke kowa. Idan yunwa ce ta sa mutum ya karɓi ladan da ba zai riƙe shi ba, to ƙarfi aka nuna masa, ko da ya sa hannu a takarda. Duk wanda ya taɓa ganin lebura a bakin titi da safe, riƙe da shebur, mai mota ya tsaya ya faɗi farashi, mutum goma suka yi rububin shiga, ya san abin da ake nufi. Wasiƙar ta kuma ce ma'aikata na da 'yancin kafa ƙungiya, a ba su hutu, kada a ɗora wa yara aikin da ya fi ƙarfinsu. Ta ce hukuma ta fi karkata kulawarta ga talaka, domin mai kuɗi yana da hanyoyin kare kansa, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma.

Har yau sunan wannan wasiƙa bai gushe ba. Da aka zaɓi Robert Prevost ya zama Fafaroma a watan Mayun 2025, ya ɗauki sunan Leo na 14, ya kuma bayyana cewa Leo na 13 yake tunawa, domin ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta na shirin yi wa ma'aikata abin da injin ya yi musu a wancan ƙarni. Babbar takardarsa ta farko, Dilexi Te, wadda ta fito a watan Oktoban shekarar, a kan ƙaunar talakawa take.

Shekara 40 bayan wasiƙar Leo, a 1931, Fafaroma Pius na 11 ya ƙara wata ƙa'ida da ba a cika ambata ba, alhali ita ce ke hana taimako ya zama mulki. Ya ce abin da ƙaramin rukuni zai iya yi da kansa, kada babba ya ƙwace masa. Abin da iyali za su iya, a bar musu. Abin da unguwa za ta iya, kada gwamnati ta karɓe, sai dai ta tallafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya rubuta wannan ne a Italiyar Mussolini, inda gwamnati ke son haɗiye kowace ƙungiya, amma ƙa'idar ta dace da manyan ƙungiyoyin agaji masu zuwa ƙauye da farar mota su haƙa rijiya inda ba wanda ya ce yana so.

Irin taimakon da ke zuwa daga ƙasa kuwa ya riga wasiƙun. A 1833 wani ɗalibi ɗan shekara 20 a Paris, Frédéric Ozanam, abokan muhawararsa suka ƙure shi da tambayar me cocinsa ke yi wa talaka a yau, ba a tarihi ba. Shi da abokansa suka fara kai itacen jin ɗumi gidajen matalauta. Daga nan ƙungiyar St. Vincent de Paul ta samo asali, wadda a coci-cocin Najeriya ma za ka ga 'ya'yanta tsaye a bakin ƙofa da akwati bayan an tashi sujada. Ƙa'idarsu ita ce su je gidan mabuƙaci su zauna da shi, ba a tara mutane a layi cikin rana ana ɗaukar hoto ba.

Inda magana ta zama jini

A Latin Amurka ne koyarwar ta fita daga takarda ta haɗu da bindiga. A 1968 bishop-bishop na yankin suka taru a Medellín ta Kolombiya, suka ce talaucin mutanensu ba ƙaddara ba ce kawai, tsari ne aka gina, kuma tsarin kansa zalunci ne. A 1971 wani fada ɗan Peru, Gustavo Gutiérrez, wanda ya zauna a unguwar talakawa a Lima, ya fitar da littafin da ya ba wa tafiyar suna, wato tauhidin 'yantarwa. A taron Puebla ta Meziko a 1979 aka tsayar da kalmar da ta zama take: fifita talaka. Ma'anarta ba wai Allah ba ya son mai kuɗi ba. Uwa mai 'ya'ya biyar duka nata ne, amma a gefen marar lafiyan take kwana.

El Salvador ƙaramar ƙasa ce da a wancan lokaci arzikinta ya dogara kan gahawa, gonakin kuma na hannun 'yan tsirarun iyalai. A watan Fabrairun 1977 aka naɗa Óscar Romero babban bishop na San Salvador. Masu gonaki suka yi murna, domin an san shi mutum ne mai sanyi, mai son littafi, marar son rigima. Ko wata guda bai yi ba, ranar 12 ga Maris, aka yi wa abokinsa Fada Rutilio Grande kwanton ɓauna a hanya, aka harbe shi tare da wani dattijo da wani yaro. Laifin Grande shi ne yana koya wa masu aikin gonar rake a Aguilares su haɗa kai. Romero ya je ya tsaya kan gawarwakin uku a daren. Bayan haka ya ba da umarnin da ya girgiza ƙasar: ranar Lahadi ba za a yi sujada a ko'ina cikin yankinsa ba sai a babban coci, kowa ya zo can.

Daga nan mutumin ya zama wani. Kowace Lahadi gidan rediyon cocin na watsa huɗubarsa, a ƙarshenta kuma sai ya karanto sunayen waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɗauke a wannan mako, da garinsu, da ranar. Ofishin lauyoyin cocin ne ke tattara bayanan. A ƙasar da jaridu suka yi gum, uwa kan kasa kunne a rediyo ko za ta ji sunan ɗanta. An sa wa gidan rediyon bam. A watan Fabrairun 1980 ya rubuta wa Shugaban Amurka Jimmy Carter yana roƙon a daina ba sojojin ƙasarsa makamai. Ranar 23 ga Maris ya yi wa ƙananan sojoji magana kai tsaye, ya ce waɗanda suke kashewa 'yan'uwansu manoma ne, kuma babu sojan da ya wajaba ya bi umarnin da ya saɓa wa dokar Allah.

Washegari da yamma yana jagorantar sujada a ɗan ƙaramin cocin wani asibitin masu cutar daji, inda yake zaune a wani ɗan gida maimakon fadar bishop. Mota ta tsaya a ƙofa. Harsashi ɗaya, ya faɗi a gindin bagade. A wurin jana'izarsa ma an yi harbi da fashewar bam, mutane da dama suka mutu. Yaƙin basasar da ya biyo baya ya ci rayuka kimanin 75,000 kafin 1992, kuma kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsohon hafsan soja Roberto D'Aubuisson ne ya ba da umarnin kisan. Abin lura shi ne, waɗanda suka kashe shi ba baƙin addini ba ne. 'Yan cocinsa ne.

Vatikan kanta ba ta saki jiki da tafiyar Latin Amurka ba. Fafaroma John Paul na 2 ɗan Poland ne, ya ɗanɗana mulkin gurguzu, ba ya son ƙamshinsa. A 1984 ofishin Kadinal Joseph Ratzinger ya yi gargaɗi kan aron tunanin Karl Marx, a 1985 kuma aka hana malamin nan na Brazil, Leonardo Boff, magana na wani lokaci. Wani ɓangare na tsoron yana da tushe, domin akwai limaman da suka ɗauki bindiga. Amma shi wannan John Paul ɗin ne a 1987 ya shigar da fifita talaka cikin wasiƙarsa, ya kuma yi maganar zunubin da ke zama tsari. Shi ne kuma ya yi kira a yafe wa ƙasashe matalauta bashi albarkacin shekarar 2000, kiran da ya ƙarfafa gangamin duniya kan bashi. A cikin wannan yanayi ne Najeriya ta samu yafiyar Dala biliyan 18 daga ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris a 2005. Romero kuwa sai da ya jira shekara 38 kafin a ayyana shi waliyyi, a watan Oktoban 2018, a hannun Fafaroma Francis, ɗan Ajantina.

Francis bai ƙara sabuwar ƙa'ida mai yawa ba, nuni ya fi yi. Tafiyarsa ta farko a wajen Rum, a watan Yulin 2013, zuwa tsibirin Lampedusa ce, inda jiragen 'yan ci-rani ke isa ko su nitse, ciki har da matasan da suka bi ta Agadez. A kan bagaden da aka yi da ƙaramin kwalekwale ya yi sujada. A 2015 ya haɗa kukan talaka da lalacewar muhalli a wasiƙarsa Laudato Si', hujjar da manomin bakin Tafkin Chadi ba ya buƙatar a fassara masa.

Laifi tudu ne

Duk wanda zai yi rubutu kan wannan koyarwa ya tsallake abin da cocin ya yi wa raunana da ke hannunsa, bai yi adalci ba. A Ireland, gidajen wanki da sistoci ke gudanarwa sun tsare mata da 'yan mata suna aiki ba lada, na ƙarshensu sai a 1996 aka rufe shi, shekara 105 bayan wasiƙar da ta yi magana kan ladan ma'aikaci. A Kanada, Francis ya je a 2022 ya nemi gafara kan makarantun kwana da aka raba 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da iyayensu da harshensu. A Faransa, wani kwamiti mai zaman kansa ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne limamai da masu hidimar coci suka ci zarafinsu tun daga 1950. A wurare da yawa shugabanni sun zaɓi kare sunan coci a kan kare yaro. Wannan shi ne ainihin tsarin zunubin da wasiƙun ke magana a kai, sai dai a cikin gida.

A nan kusa kuma akwai tambayar da 'yan cocin da kansu ke yi. Makarantun mishan da suka ɗauki 'ya'yan manoma suka mai da su likitoci da alƙalai, da yawa daga cikin masu sunan cikinsu yau kuɗinsu ya fi ƙarfin mai sayar da kayan miya da ke sa baikonta kowace Lahadi. Masu kula da su na da amsa: babu tallafin gwamnati, dizal da littattafai da albashi duk kuɗi ne, kuma hukumomin adalci da ci gaba da zaman lafiya na kowace dayosis, da ƙungiyar agaji ta Caritas, na aiki a ƙauyukan da ba a gani. Amsar ba ta banza ba ce. Sai dai bishop-bishop ɗin duniya da suka taru a Rum a 1971 sun riga sun ɗaure kansu da cewa mai son yi wa mutane wa'azin adalci sai ya fara zama adali a idonsu. Dokar coci ta 1983, a sashe na 1286, ta umarci masu riƙe da dukiyar coci su bi dokar ƙwadago ta ƙasa, su kuma biya ma'aikatansu ladan da zai riƙe su da iyalansu. A watan Yulin 2024 Najeriya ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Mai gadin makarantar mishan, da mai dafa abinci a gidan fada, da malamar aji ɗaya da ke koyar da yara 50, kowannensu ya san ko abin da ke shiga hannunsa a ƙarshen wata ya kai haka.